Hayaƙin Ɗakin Jego

Ranar sunan jikata, 'yar Ummi, ina zaune a tsakar gida na ji wata daga cikin danginmu tana ba ku labarina, ku 'ya'yana, a gabana, kamar na riga na mutu. Wai ni ce wadda ta je Turai ta dawo ta ce wa uwarta ita ta kashe 'ya'yanta. Wai na gudu daga wankan jego da jaririya a hannu saboda girman kan boko. Kuka yi tsit kuna satar kallona, ni ma na ja bakina, domin taron suna ba wurin shari'a ba ne. Amma kun san halina, ba na mantuwa. Don haka a wannan babi zan ajiye zancen makarantu da takardun shaida, in gaya muku abin da ya faru a daminar da aka haifi Ummi. Ba neman yabo nake yi ba. So nake in an tashi zagina a zage ni da abin da na aikata, ba da abin da aka ƙulla mini ba.

Sai kun fara sanin aikin da nake yi a lokacin kafin ku gane sauran. Rokar da ake harba tauraron ɗan Adam da ita, da yawa kananzir take sha, ɗan'uwan wanda Inna ke zuba wa fitilar ƙwai, sai dai an tace shi sosai. Ana haɗa shi da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, su kama da wuta a cikin tukunyar ƙarfe, wutar ta feso ta baya ta tura rokar sama. Masu ƙera injin da gangan suke sa mai ya fi iska yawa, don in suka daidaita su zafin zai narkar da ƙarfen. To ragowar man da bai sami iskar ƙonewa ba, ina yake zuwa? Nan ne aikina. Zafi yana farfasa shi ƙanana-ƙanana, gutsattsarin su sake haɗuwa su yi zobba irin na saƙar zuma, zobban su hau kan juna kamar an jera faya-fayi, har ƙwaya ta farko ta samu. Ido ba ya ganinta, madubin asibiti ma ba ya ganinta. Tana tafiya cikin harshen wutar tana ƙara kauri, domin duk gutsuren da ya taɓa ta mannewa yake yi. Ta yi karo da 'yan'uwanta su liƙe, su zama wani cukurkuɗaɗɗen jere. In ta gamu da isasshiyar iska tun tana da zafi, sai ta cinye. In kuwa wutar ta huce kafin iska ta same ta, ta tsira ke nan. Ita ce baƙin da ke bin bayan roka, ita ce kunkunniyar da ke rufin madafi, ita ce baƙin gindin tukunya.

Muna da wani ƙaramin inji da bai fi tulu girma ba, a bayan bango mai kauri. In aka kunna shi har a haƙori mutum yake jin rugugin. Akwai na'urar da ke cilla ɗan ragar ƙarfe cikin wutar ta fizgo shi kafin ƙiftawar ido, wani a bakin injin, wani can gaba, sai in kai su ƙarƙashin babban madubi mai aiki da lantarki. A bakin injin ƙwayoyin ƙanana ne, kowace tana zaman kanta. Can gaba sun yi ƙiba sun sarƙe. Na daɗe ina kallonsu har na kai in na ga hoto zan faɗi daga wane wuri a cikin wutar aka kamo shi. Ina son aikin nan, ban taɓa ɓoyewa ba. Wata likita da muke cin abincin rana tare ta taɓa kai ni ɗakin aikinta ta nuna mini yankan huhun mutumin da ya rayu cikin hayaƙi, baƙi ƙirin. Ta ce mini manyan ƙwayoyin hanci yana tare su, ƙananan nan da nake ƙauna su ne ke wucewa har ƙarshen huhu su zauna, kuma jariri ya fi babba saurin numfashi, don haka ya fi shi kwasa. Na ji, na ajiye a raina, ban san ranar amfaninsa na tafe ba.

An ɗaura mana aure da babanku a wani hutu, lokacin yana koyarwa a Gwaram. Na koma na ƙarasa karatun, na dawo da tsohon ciki, na wuce gidanmu a Unguwar Ya goyon ciki kamar kowace mai cikin fari. Shirin a bayyane yake, kowa ya yarda da shi: in na yaye abin da na haifa, Inna za ta karɓa ta riƙe, ni kuma in koma wurin injina, don sun ce kujerata tana jirana. Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, wadda duk haihuwar gidanmu ita ke yin wanka, tun ranar da na sauka ta sa ni gaba.

"Binta, me aka ce kin karanto?"

"Yadda baƙin hayaƙi ke samuwa, Gwaggo."

"Baƙin tukunya? Kika ƙetare teku don baƙin tukunya? Da kin yi magana ai da na tara miki buhu. Sannu da zuwa, Dakta Baƙin Tukunya."

Na yi dariya, sunan kuwa ya bi ni har yau, ban kuma taɓa jin haushinsa ba.

Akwai abin da ba ku sani ba game da Inna, don ba ta taɓa zancensa. Bayan ni ta haifi Sabo, bayansa ta haifi wata mace, dukansu ba su yi wata biyu a duniya ba. Ina yarinya amma ban manta da ƙarar ƙirjin Sabo ba. Aka ce sanyi ne ya shige su. Ɗakin da ake jego a gidanmu yana da 'yar taga guda ɗaya ta gabas, sai Inna ta ɗora wa kanta laifi, ta ce ita ce ta bar iska ta shigo. Ta cusa tsumma a tagar ta yaɓe da laka da hannunta. Ƙanena da ta haifa daga baya ya rayu, sai ta ƙara sakankancewa toshe tagar ne ya cece shi. Ku riƙe wannan, domin duk wanda ya ce muku Inna muguwa ce ko jahila, ƙarya yake yi. Uwa ce da ta binne biyu ta rantse ba za ta binne na uku ba.

Na haihu a asibiti a Birnin Kudu cikin marka, aka dawo da ni gida. Ban yi gardamar komai ba da farko. Ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, na daure. Kunun kanwa, na sha. Gwaggo ta ce jikin mai jego ɗanye ne sai an gasa shi, aka hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, na hau na kwanta da jaririya a gefena. Sai dai ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, itacen duk a jiƙe yake, ga taga a toshe, ga asabari an saki a ƙofa. Ina kwance ina kallon wutar tana ci da ƙyar, harshenta ja-ja, tana huci. Na san wannan wutar. Mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, zafi bai isa ya cinye abin da aka haifa a cikinta ba. Da za a ce in haɗa wutar da za ta fi kowace yin kunkunniya a ɗakin bincike, haka zan haɗa ta. In rana ta ɗan leƙo ta wata ɓula a rufi, sai in ga hasken ya tsaya a ɗakin kamar sanda saboda kaurin hayaƙin, ni kuwa na san wanda nake gani ɗin ma ba shi ne abin tsoro ba.

Na yi magana a hankali. Na ce a ɗage asabarin, aka ɗage, ina juya baya aka sake shi. Na ce a bari itacen ya zama garwashi a waje tukuna a shigo da shi, Gwaggo ta ce hayaƙin ai shi ne maganin, shi ke korar sanyi da sauro. Aka yi suna, aka sa wa yarinya sunan Inna, muka riƙa kiranta Ummi. Bayan suna da 'yan kwanaki, wata safiya ina ba ta nono na ji ta saki, ta yi tari, sai ƙirjinta ya fara wata 'yar ƙara siririya. Na murɗa bakin farin mayafina na share mata hanci, ya fito baƙi. Na kira Inna na miƙa mata. Ta duba mayafin, ta sunkuya ta saurari ƙirjin, na ga fuskarta ta sauya, don ita ma ta gane ƙarar.

"Lami! Sanyi ya kama yarinyar nan. Ƙaro itace, ki saki asabarin nan da kyau."

Gwaggo ta shigo da rungumen jiƙaƙƙen itace ta tura ƙarƙashin gadon. Hayaƙi ya turnuƙe, Ummi ta shiga tari har fuskarta ta yi duhu. Ban yi shawara da kowa ba. Na sauko, na fita da ita na kwantar a rumfa, na ɗauki muciya a madafi na dawo na dinga dukan yaɓen tagar har ya zube, na fizge tsumman da ya shekara ashirin da wani abu a wurin. Iska mai ɗanshi ta shigo. Inna ta yi wata ƙara da ban taɓa jin ta yi ba.

"Binta, kin haukace? Tagar nan ce ta ci mini 'ya'ya biyu!"

"Inna, ba iska ce ke sa ƙirjinta ƙara ba. Hayaƙin nan ne. Shi ne a hancinta, shi ne a huhunta."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, Allah ne shaidata. Gwaggo ce ta tafa hannu ta ƙarasa abin da ban faɗa ba.

"To kin ji, Yaya. Cewa take ke kika kashe su Sabo da wutarki."

Inna ta juyo ta dube ni, muryarta ta yi ƙasa.

"Haka ne, Binta?"

Na san amsar da za ta kwantar mata da hankali. In ce a'a Inna, su Sabo sanyi ne, tagar ce. Amma in na faɗi haka, da wane baki zan hana a sake toshe tagar a mayar da Ummi kan gadon? Na durƙusa a gabanta.

"Rai na Allah ne, Inna, shi ya ba ki shi ya karɓa. Ban san abin da ya same su ba, ban kuma isa in sani ba. Amma wannan tawa ce, na kuwa san abin da ke shiga ƙirjinta."

Gwaggo ta yi salati. A wurinta kalmar "tawa ce" ta fi fasa tagar muni, domin mace ba ta nuna 'yar fari tata ce, ko sunanta ba ta kamawa, ko kallonta ba ta yi a gaban manya. Ni kuwa na fita na ɗauki abata na rungume a tsakar gida kowa yana gani, ba kuma zan ce muku na ji kunya ba, don ban ji ba.

Kafin azahar Inna ta kwaɓa laka ta sake yaɓe tagar. Ta ce muddin yarinyar nan tana gidanta ba za ta zuba ido iska ta ɗauke ta ba. Baba ya kira ni zaure. Mutum ne mai sanyin hali, bai saba shiga harkar mata ba, ya yi magana yana jan carbi.

"Ki je ki ba uwarki haƙuri. Ki ce zafin jego ne, kuskure kika yi."

"Baba, zan ba ta haƙuri a kan bangon da na fasa, da muryar da na ɗaga. Amma ba zan ce hayaƙi magani ne ba, ba kuma zan mayar da yarinyar nan ɗakin ba."

"In kika fita gidan nan kafin arba'in, kin san abin da za a ce. Kin kuma san ba za ta karɓi yaye ba."

"Na sani, Baba."

Na kuwa sani sarai. Ina durƙushe a zauren nan na ga injina, na ga kujerar da ke jirana, na san in Inna ba ta riƙe Ummi ba babu mai riƙe mini ita, kuma ba wurin da zan kai jaririya ba ne. Na ji zafin abin har cikin ƙashina. Amma ina jiyo 'yar ƙarar nan daga rumfa.

Na aika wa babanku ta bakin wani direba mai zuwa Gwaram. Ya zo da la'asar a motar haya, ya tsaya a ƙofar gida yana share gumi duk da sanyin da ake yi.

"Binta, me mutane za su ce?"

"Malam, sa kunnenka a nan, sannan ka gaya mini abin da za su ce."

Ya saurara. Ya shiga ya durƙusa ya gaida Inna, ba ta amsa ba, ya fito ya ɗauki akwatina. Muka biya asibiti aka duba Ummi aka ba ta magani, muka wuce gidan malamai a Gwaram, ɗaki mai taga biyu. Washegari sai ga kakarku ta wajen uba daga Kwandiko, da jaki da kayan itace, ta ji an ce surukarta tana kwance ba wuta. Na tarbe ta da fara'a, na nuna mata tsakar gida na ce ga murhu, a dafa ruwan wanka ya tafasa yadda take so, zan yi wankan har arba'in, amma wuta ba za ta shiga ɗaki ba. Ta dube ni ta dubi ɗanta, ta ce lallai an haɗa ta da aiki. Ta zauna ta yi mini wankan, tana yi tana mita, Allah ya jiƙanta. Ƙarar ƙirjin Ummi ta riƙa raguwa a hankali har ta ɓace. Ba zan ce muku da na bar ta a can da ta mutu ba. Ban sani ba, aikina kuma ya koya mini kada in faɗi abin da ban auna ba. Abin da na sani shi ne ban yarda in gwada da ita ba.

Abin da Baba ya faɗa duk ya tabbata. Inna ba ta zo ba, ba ta aiko da kayan arba'in ba, da lokacin yaye ya yi ba ta aiko a ɗauki takwararta ba. In na je gaishe ta sai ta ce lafiya lau, ta ci gaba da abin da take yi. Can Turai suka jira har suka gaji, suka ba wani kujerar. Na ɗauki alli na shiga aji, a Gwaram, daga baya a Birnin Kudu, ina kunna kyandir ina tara cokali a kan harshensa don yara su ga baƙin ya kama. Tun daga ranar ban sake jin rugugin injin roka a haƙorana ba. In na ga ana harba ta a talabijin, baƙin da ke bin bayanta nake kallo, har yau kuma raina yana sosuwa. Ba zan yi muku ƙaryar cewa ban damu ba.

Ummi tana da kamar shekara huɗu muka je gaisuwar Sallah. Tana ta guje-guje a tsakar gida tana bin kaji, sai Inna ta miƙa hannu ta kamo ta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zaunar da ita a cinya, ta ɗaga mata riga, ta kwantar da kunnenta a ƙirjinta. Ta daɗe a haka, yarinya tana ta mutsu-mutsu.

"Shiru," in ji Inna. "Na Sabo kamar ana jan zarto."

Ba da ni take ba. Ta sauke rigar ta sake ta. Tagar nan tana toshe har Inna ta koma ga Allah, ban kuma taɓa ce mata ta buɗe ba, don na san abin da buɗewar za ta zame mata. Amma ba ta sake hura wa kowa wuta a ɗakin ba. Duk wadda ta haihu a dangi, sai Inna ta ce bayanta yana ciwo, a kai ta wani wuri. Wannan tambayar da ta yi mini a ɗakin jego, da ita ta rayu da ita ta mutu, ni kuwa ban cire mata ita ba. Ina ƙaunar Inna, ina yi mata addu'a kullum, na kuma san ta tafi da nauyin da ranar nan ta ɗora mata.

To ga shi kun ji. Ban ce wa uwata ita ta kashe 'ya'yanta ba. Na fasa taga, na ce 'yata tawa ce, na bar gida kafin arba'in, na rasa aikin da na fi so a duniya. Da za a mayar da ni ɗakin nan yau, da tsufana da ciwon gwiwata, muciyar zan sake nema. Ke kuma Ummi, in wata ta sake zama a gidanki ta ba ki labarin rashin kunyar uwarki, kada ki yi saurin amsawa. Ki ja numfashi tukuna, mai tsawo, har ya kai ƙasan ƙirjinki, ki saurara ko za ki ji ƙara. Sannan ki ba ta amsa.